RA'AYINMU: Rini Ba Ya Sauya Mai Riga

Wata sabuwar sana'a ta faɗo hannun samarin zamanin nan, kuma ba mu ga wanda ya kai ɗalibai rungumar ta ba. Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo, tun daga ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo har ya sauka cikin garin Gwarzo, zai ga aikinta a jikin bangaye da itatuwan bakin titi: fostocin 'yan takara, allunan tallar makarantun kuɗi, na masu sayar da taki da irin shuka, da sanarwar saukar karatu ko ta gasar ƙwallo. A cikin gidaje kuwa ga kalandar biki, ga katin gayyata, ga ɗan hoton ango da amarya da ake liƙa wa robobin rabo. A da, mai son irin wannan aiki sai ya shiga mota ya tafi birni, ya yini a maɗaba'a yana jiran mai zane. Yau yaro yana zaune a zauren gidansu a Dugabau, ko Getso, ko Garo, da wayar hannu mai ɗauke da PixelLab ko Canva, zai tsara zanen ya aika wa mai bugawa a Kano ta WhatsApp, kashegari direba ya sauke masa kayan a tasha.

Wannan abin farin ciki ne ƙwarai. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla da sana'ar nan suke biyan kuɗin rajista, da ita suke sayen littattafai, wani lokaci har su aika da ɗan abin cefane gida. Son da muke yi mata ne ya sa muka ga ya wajaba mu taɓo wurin da take da miki, tun bai zama gyambo ba. Kusan kowane zane yana bukatar hoto, hoton nan kuwa mafi yawan lokaci ba mai zanen ne ya ɗauka ba, bai saya ba, bai kuma roƙa ba. Yakan rubuta abin da yake so a Google, ko ya leƙa Pinterest ko shafin wani a Facebook, ya sauke wanda ya yi masa, ya cire bayansa, ya sauya launi, ya ɗora rubutu, sa'an nan ya manna tambarinsa da lambar wayarsa a kusurwa. In ka tambaye shi, amsar ba ta wuce biyu: ko ya ce ai a intanet ya tsinta, ko ya ce ai ya gyara shi, ya zama nasa.

Amsar farko ba ta da wuyar rushewa, domin ko a ƙauye an san hukuncin tsintuwa. Wanda ya tsinci akuya a bakin kasuwa cigiya yake bayarwa, ba ya kai ta mahauta. Balle ma hoton intanet ba ɓata ya yi ba, yana nan inda mai shi ya ajiye shi don a gani. Google ba shi ne mai hotunan da yake nunawa ba, ɗan jagora ne kawai da ke nuna ƙofar gidajen mutane, shi da kansa ma yakan rubuta gargaɗi a ƙarƙashin hoto cewa mai yiwuwa akwai haƙƙin wani a kansa. Haka nan wanda ya ɗora hotonsa a Facebook bai sallama shi ga duniya ba. Kamfanin ya ba izinin nunawa, mallakar kuwa tana nan a hannunsa.

Amsa ta biyu ita ce ta fi yaɗuwa, ita ce kuma ta fi haɗari, domin mai faɗinta ya yarda da ita har zuciyarsa. Har ma akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu zane, wai in ka sauya kashi talatin cikin ɗari na hoto ya fita daga hannun mai shi. Babu wannan magana a dokar Nijeriya, ba ta kuma taɓa kasancewa a cikinta ba. Dokar haƙƙin mallaka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Turawa sun shimfiɗo mana dokar Ingila ta 1911 tun a 1912, gwamnatin soja ta kafa tamu a 1970, aka sake ta a 1988 da dokar da ta haifar da hukumar da yanzu ake kira Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Wadda ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 17 ga Maris, 2023. Wannan doka ta lissafa hoto cikin ayyukan fasaha, kuma haƙƙin wanda ya ɗauka yana tabbata ne ba tare da ya yi rajista a wani ofis ba, ba tare da ya sa wata alama a jikin hoton ba. Shi kaɗai ke da ikon kwafa, da bugawa, da watsawa a intanet. Daga cikin ikon da doka ta keɓe masa kuma har da ikon sarrafa aikin a mai da shi wata siffa dabam. Watau dai gyaran da mai zane yake kafa hujja da shi, shi kansa yana cikin abubuwan da sai an nemi izini kafin a yi. Wanda ya sauke hoto ya gyara ya buga ya sayar bai goge laifin farko da gyaran ba, ƙara na biyu ya yi a kansa.

Abin ya yi kama da mutumin da ya ɗauke farar riga daga shanyar maƙwabci, ya kai ta karofin Ƙofar Mata aka tsoma ta a baba, ya kai wa mabuga suka buge ta tana ƙyalli, ya sa aka yi mata aska biyu a wuya. Babu shakka ya kashe kuɗi, ya sha wahala, kuma rigar ta fi da kyau. Amma ran da mai ita ya gane ta a jikinsa, babu alƙalin da zai ce rinin ya sauya mai riga. Doka ba ta musa cewa mai zane ya yi aiki ba, abin da ya ƙara da basirarsa yana iya samun nasa haƙƙin. Sai dai wannan ba ya wanke shi daga ƙarar wanda aka yi gini a kan hotonsa.

Mun san abin da za a ce mana: ai mai riga ya rasa rigarsa, mai hoto kuwa hotonsa yana nan, ba a rage masa komai ba. Nan ne misalin namu ya gaza, nan ne kuma ya kamata mai ilimi ya ƙara tunani. Mai ɗaukar hoto ba takarda yake sayarwa ba, izini yake sayarwa. Ya sayi kyamara, ya biya kuɗin mota, ya tsaya cikin rana da ƙura ran Hawan Daushe yana jiran doki ya ɗaga ƙafa daidai yadda yake so, cikin hotuna ɗari ya samu guda ɗaya mai kyau. Abin da zai mayar masa da kuɗinsa shi ne banki ko kamfanin waya ko mai kalanda ya zo ya biya shi don ya yi amfani da wannan guda ɗayan. In kowa ya ɗauka kyauta, har hoton ya cika gari, ba mai sauran sha'awar saye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Waɗanda suka fi mu ƙwarewa a gyaran hoto sun gwada wannan hujja a gaban shari'a, ba su ji da daɗi ba. A zaɓen Amurka na 2008 wani mai zane, Shepard Fairey, ya yi wa Barack Obama fosta mai launin ja da shuɗi wadda ta zagaya duniya. Ba hoto ba ne ma a ido, zane ne, an sauya komai nasa in ban da yadda Obama ya karkata kai yana duban nesa. Daga baya aka gano cewa daga wani hoto ya ɗauko, wanda Mannie Garcia ya ɗauka wa kamfanin dillancin labarai na Associated Press a 2006. Rigima ta kai kotu a 2009. Da Fairey ya ga abin zai kwaɓe masa sai ya ɓoye gaskiyar hoton da ya yi amfani da shi, har ya lalata wasu shaidu. An sasanta da kamfanin a Janairun 2011, amma a 2012 kotu ta ci shi tarar dala 25,000 tare da aikin gayya na sa'o'i 300 saboda wasan da ya yi da shaidun. Fostar ɗan takara ce fa, irin wadda samarinmu suka yi ta tsarawa a mazaɓar Gwarzo da Kabo a zaɓen 2023.

Shari'a ta biyu ta fi wannan nauyi. A 1981 wata mai ɗaukar hoto, Lynn Goldsmith, ta ɗauki mawaƙin nan Prince. A 1984 mujallar Vanity Fair ta biya ta dala 400 don shahararren mai zanen nan Andy Warhol ya yi zane daga hoton, a buga sau ɗaya tak. Warhol ya yi guda 16. Da Prince ya mutu a 2016, gidauniyar da ta gaji Warhol ta ba kamfanin mujallar izinin buga ɗaya daga cikinsu a bango, ta karɓi dala 10,000, ita kuwa mai hoton ko sunanta ba a ambata ba. Ran 18 ga Mayu, 2023, Kotun Ƙoli ta Amurka, alƙalai 7 a kan 2, ta goyi bayan Goldsmith. Hujjarta ita ce, ko da an sauya kamannin hoton, kasuwar da aka kai zanen ita ce dai kasuwar da mai hoton take ci da ita. In sunan Warhol bai hana wannan hukunci ba, muna ganin cire bayan hoto a PixelLab ba zai hana ba.

Dokarmu ba ta rufe kowace ƙofa ba, kada a yi mana mummunar fahimta. Sashe na 20 ya yarda a yi amfani da aikin wani bisa adalci don amfanin kai, da nazari da binciken da ba na kasuwanci ba, da sharhi ko suka, da ba da labarin abin da ke faruwa, har ma da zanen barkwanci da zambo. Ɗalibin da ya sa hoto a kundin bincikensa ya ambaci mai shi bai yi laifi ba. Amma dokar ta ce a duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da illar da aka yi wa kasuwar mai shi. Tallar makarantar kuɗi da kalandar sayarwa da kwalin sabulu ba sa shiga ta wannan ƙofa, ko da an sunkuya.

To, wa zai taso daga Amurka ya zo Dugabau neman wanda ya sa hotonsa a katin biki? Gaskiya da wuya. Ba za mu tsorata kowa da abin da ba mu ga alamarsa ba. Sai dai a lura da abu biyu. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Bern ta kare haƙƙin marubuta da masu fasaha a 1993, saboda haka mai hoto na Indiya ko Ingila yana da kariya a Babbar Kotun Tarayya kamar yadda ɗan Kano yake da ita. Sa'an nan mai zane ba ya barin aikinsa a ƙauye, ɗora shi yake yi a shafinsa don neman masu saye, na'urar binciken hoto kuwa tana gane hoto ko an juya shi an sauya masa launi. Sabuwar dokar ta ba mai haƙƙi damar aika wa kamfanin da ke riƙe da shafi takarda a sauke aikin, manyan kamfanonin nan kuma sukan rufe shafin wanda ƙorafi ya yi yawa a kansa. Dokar ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, ga wanda ya buga kayan da suka keta haƙƙi don sayarwa. Mai kalanda 500 sai ya yi lissafi da kansa. Haɗarin ba ya samun mai zane yana ƙarami, sai ran da ya girma, ran da wani kamfani ko ƙungiyar agaji ta ba shi babban aiki, aka buga, aka rarraba, sa'an nan takardar lauya ta iso. A ranar ce zai gane ma'anar rana dubu ta ɓarawo, kuma sunan da ya shekara biyar yana ginawa shi zai fara tafiya.

Akwai masu cewa duk wannan al'adar Turawa ce, mu a wurinmu aro ba laifi ba ne, su kafa hujja da Alhaji Abubakar Imam. Gaskiya ne Magana Jari Ce, wanda aka buga a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, ya sa musu riga da hula har ba mai cewa baƙi ne. Amma Alfu Laila ba ta da marubucin da aka sani, Grimm kuwa na ƙarshensu ya mutu tun 1863. Imam ya sha ne daga rijiyar da ta riga ta zama ta kowa, wannan kuwa har gobe halal ne. In ana neman yadda magabatanmu suka yi da aikin da ke da mai shi, sai a dubi tahamisi. Mawaƙi yakan ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ya ƙara uku nasa a kan kowane baiti ya zama biyar. Babu gyaran da ya kai wannan shiga cikin aikin wani. Duk da haka waƙar Tabban Haƙiƙa har yau an san Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kowa da rabonsa, ba wanda ya shafe sunan wani. Marubutanmu na ajami sukan sa sunansu a baitocin ƙarshe, malami kuma ba ya karantar da littafi bai faɗi daga wanda ya karɓo ba. Goge sunan mai aiki a ɗora na kai shi ne baƙon abu a wurinmu. Abin da sashe na 14 na dokar 2022 ya tanada, cewa mai aiki yana da haƙƙin a ambace shi, da haƙƙin ƙin yarda a ɓata masa aiki ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci, tsohuwar tarbiyyar zaure ce aka rubuta da Turanci.

Wani ƙorafin ya fi wannan ƙarfi, kuma muna jin zafinsa mu ma. Turawan mulki sun ɗauki hotunan kakanninmu da kasuwanninmu da ganuwarmu ba tare da sun tambayi kowa ba, yau kuma wasu ɗakunan ajiya na Turai suna neman jikokin mutanen su biya kafin su samu kwafi mai kyau. Wannan abin takaici ne. Sai dai a dokarmu haƙƙin hoto shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, ba kamar littafi ko zanen hannu ba, wanda yake kaiwa shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Hotunan hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, waɗanda aka buga a lokacin, wa'adinsu ya ƙare a Nijeriya tun ƙarshen 2006. Na hawan dabar bikin al'adun baƙar fata na 1977 kuwa nasu wa'adin ƙarshen 2027 ne. Wasu ƙasashe wa'adinsu ya fi namu tsawo, saboda haka mai aikin da zai ƙetare iyaka sai ya kula. Abin da muke so a gane shi ne, haushin Bature ba hujja ba ce ta cin haƙƙin saurayin Fagge da ya ci bashi ya sayi kyamara bara. Mafi yawan hotunan Hausawa masu kyau da ake saukewa yau 'yan'uwanmu ne suka ɗauke su.

Abin dariya ma shi ne, ba wanda ya kai masu zanen nan kishin aikinsu. Dubi yadda suke shimfiɗa tambari a tsakiyar zane kafin a biya su, don kada mai saye ya gudu da shi. Dubi yadda suke tada jijiyar wuya in wani ya kwafi tsarinsu ya sauya suna da kwanan wata ya sayar da rahusa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Dokar da suke ƙetarewa ita ce kaɗai garkuwarsu ran da aka yi musu haka, kuma mu a Kano mun ga abin da rashin mutunta ta ya jawo wa masu shirya finafinan Hausa, yadda masu kwafa da masu tura fim a waya suka durƙusar da kasuwar faifai, har dole masu sana'ar suka koma neman abinci a YouTube.

Sai batun fuska, wanda a ganinmu ya fi kuɗi muhimmanci a wuri irin namu. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar wata mata da ta kai kamfanin NTA-Star TV ƙara saboda ganin hotonta a allunan talla. Kotu ta ce haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda aka ɗauka ba. Kada mai zane ya ji wannan ya ce ya samu lasisi. Dokar 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don harkar gidansa, kamar biki ko suna, ikon hana a buga shi ko a baje shi ga jama'a, in ba an yi wata yarjejeniya dabam ba. Ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Ko da babu doka ma, kowa ya san abin da zai biyo baya in magidanci a Dugabau ya ga fuskar matarsa ko 'yarsa, wadda aka ɗauka ran biki, a jikin tallar mai lalle ko mai ɗinki tana yawo a wayoyin samari. Aure yana mutuwa a kan abin da bai kai wannan ba. Haka nan hoton yaro da ƙwaryar bara, ko na tsohuwa a layin asibiti, da ake ɗorawa a fostar neman taimako: mutane ne masu dangi, ba ado ba ne.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati muna da magana ta musamman. Ku ne ake turawa ku sa a yi allon taron rabon taki, ko fostar rigakafi, ko kalandar ƙaramar hukuma, sau da yawa kwana biyu kafin taro, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. In aka ba mai zane abin da bai isa sayen hoto ba, aka kuma ce gobe ake so, an riga an zaɓa masa hanyar da zai bi. Wanda ya ba da aiki ya rarraba shi da tambarin hukuma ba zai tsira da cewa yaro ne ya yi ba, shi ne ma ya fi daɗin kai ƙara, tun da yana da ofis da adireshi. Tambaya guda ta isa kafin a sa hannu a takardar biya: hoton nan daga ina, ina kuma shaidar izini? Doka ta ce sayar da haƙƙi ɗungurungum, ko ba mutum ɗaya izini shi kaɗai, sai a rubuce. Izini na yau da kullum yana yiwuwa da baki, amma mai hankali yakan ajiye ko da saƙon waya ne.

Hanyar halal kuwa ba ta da tsadar da ake zato. Akwai rumbuna irin su Unsplash da Pexels da Pixabay waɗanda masu hotuna suka yarda a yi amfani da aikinsu har a kasuwanci, bisa sharuɗɗan da ke rubuce a shafin. Akwai lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a 2002, mai 'yan haruffan da ya kamata kowane mai zane ya haddace kamar lambar wayarsa. BY yana nufin a ambaci mai hoton. NC yana nufin ban da neman kuɗi. SA yana nufin in ka gyara, sai ka saki naka a kan sharaɗin da ka samu. ND kuwa, wanda ya fi shafar maganarmu, yana nufin ba a yarda ka rarraba wanda ka sauya ba. Rumbun Wikimedia Commons ba ya karɓar hoto mai NC ko ND, saboda haka abin da ke cikinsa ana iya gyara shi a yi sana'a da shi, muddin an cika sharuɗɗan lasisinsa. In kuwa hoton wani ɗan ƙasa ne ka gani a shafinsa, rubuta masa. Da yawa za su yarda da ɗan abin da ba shi da yawa, wasu ma sunansu kawai suke so a sa.

Amma mai neman hoton manomin ƙasar Kabo a waɗannan rumbuna zai sha mamaki. Abin da zai fi samu shi ne manomin Kenya ko na Indiya, shi ya sa ake ganin tallar taki a hanyar Gwarzo da mutumin da ko hularsa ba irin tamu ba ce, yana tsaye cikin gonar da ba ta yi kama da ta dawa ba. Dugabau ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Kabo, Gwarzo ma tana da 10, kowace kuma tana da ɗalibai a manyan makarantu, kowannensu da kyamara a aljihu. Gasar hotuna ta Wiki Loves Africa tana gudana tun 2014, ƙofarta a buɗe take ga kowa. Muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na waɗannan ƙananan hukumomi, maimakon kuɗin shekara ya ƙare a liyafa da rabon kambun girmamawa, su ware wani abu a hutun kaka mai zuwa a fita a ɗauki hotunan girbin dawa da masara, da casar gyaɗa, da ranar kasuwa, da maƙera, da masaƙa, da rumbunan ƙasa tun ba su ƙare ba. Muna kuma kira ga majalisar Ƙungiyar Ɗalibai ta sa ƙa'ida cewa duk fosta ko kalanda ko mujallar da za a buga da kuɗin ɗalibai sai an rubuta sunan mai hoto a gefensa, wanda ya tsara zanen kuma ya nuna inda ya samo izini kafin ma'aji ya biya shi.

Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga irin waɗannan hotuna. Wanda zai aiko ya haɗo da sunansa, da sunan garin, da ranar da ya ɗauka, in kuma akwai fuskar mutum a ciki ya tabbatar mana ya nemi yardarsa, in yaro ne yardar iyayensa. Haƙƙin hoton yana nan a hannun wanda ya ɗauka, mu izinin bugawa sau ɗaya kawai muke nema.